Teburin Mahaɗa da Kaso Cikin Ɗari: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Binciken Jin Ra'ayi

Raba takardun tambayoyi da karɓo su aiki ne mai gajiyarwa, amma inda gizo ke saƙa shi ne ranar da amsoshin suka taru a gabanka, ɗari biyar ko dubu, kowace takarda da nata "e" ko "a'a", kuma ana jiran ka faɗi abin da mutanen suka ce. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da masu rubuta rahoto suka fi yi idan sun kai wannan gaɓar.

Wace irin amsa ce ake kira amsar rukuni?

Ita ce amsar da take jefa mutum cikin wani rukuni, ba ta ba ka lambar da za ka tara ko ka raba. Jinsi, sana'a, matakin karatu, "na yarda" ko "ban yarda ba", duk amsoshin rukuni ne. Tsawon mutum ko nauyinsa awo ne, ana iya fitar da matsakaicinsu. Sana'a kuwa ba ta da matsakaici, iyaka ka ƙirga mutum nawa ne suka faɗa kowane rukuni.

A kula da abu ɗaya. Wajen shigar da amsoshi cikin kwamfuta akan ba rukunoni lambobi, a ce 1 manomi, 2 malami, 3 direba. Lambobin nan alama ce kawai. Idan kwamfuta ta ba ka matsakaicin sana'a 2.1, ta yi lissafi daidai a kan abin da ba shi da ma'ana.

Ana kuma iya mayar da awo rukuni, kamar a raba shekaru gida biyu: ƙasa da 30, da 30 zuwa sama.

Mene ne teburin mahaɗa, kuma yaya ake gina shi?

Tebur ne da yake haɗa tambayoyi biyu wuri guda. Rukunonin tambaya ta farko suna zama layukan kwance, na ta biyu suna zama layukan tsaye, kowace mahaɗa kuma gurbi ce da ake rubuta yawan mutanen da suka ba da amsoshin nan biyu tare. Masanin ƙididdiga ɗan Birtaniya Karl Pearson ne ya raɗa wa irin wannan tebur sunan da aka san shi da shi a Turance, a 1904.

Ga misali na koyarwa, lambobinsa an tsara su ne don sauƙin lissafi. A ce an tambayi mutum 500 shekarunsu, da kuma hanyar da suka fi samun labarai:

| Shekaru | Rediyo | Waya | Talabijin | Jimilla |
|---|---|---|---|---|
| Ƙasa da 30 | 60 | 195 | 45 | 300 |
| 30 zuwa sama | 90 | 55 | 55 | 200 |
| Jimilla | 150 | 250 | 100 | 500 |

Ka'idar ginin guda biyu ce. Kowane mutum ya shiga gurbi ɗaya tak, kuma kada wani ya rasa gurbi. Idan ka rubuta rukunin "20 zuwa 30" da na "30 zuwa 40", ɗan shekara 30 ya samu gurbi biyu ke nan, tebur ya lalace tun daga takardar tambaya. Bayan ka cike guraben, tara jimillar gefen dama, ka tara ta ƙasa. Dole su haɗu a lamba ɗaya, a nan 500. In ba su haɗu ba, koma kan takardun kafin ka yi wani lissafi.

Tunda ga adadin nan a fili, me ya sa sai an mayar da shi kaso?

Saboda rukunonin ba girmansu ɗaya ba. Dubi layin talabijin: matasa 45, manya 55. Ido zai ce kusan kunnen doki ne. Amma 45 ɗin daga cikin mutum 300 suka fito, 55 ɗin kuwa daga cikin 200. Raba ka gani: 45 cikin 300 kashi 15 ne cikin ɗari, 55 cikin 200 kuma kashi 27.5. Ashe manya sun kusa ninka matasa wajen dogara da talabijin, abin da adadin zalla ya ɓoye.

Ana iya rubuta kason a matsayin 0.15 ko kashi 15 cikin ɗari, duk ɗaya ne. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen rahoton.

Kaso iri nawa ake fitarwa daga tebur ɗaya?

Kowane gurbi yana iya ba da kaso uku, ya danganta da lambar da ka raba da ita. Mu ɗauki gurbin matasa masu amfani da waya, wato 195.

Idan ka raba da jimillar kowa da kowa, 500, za ka samu kashi 39. Wannan kason haɗaka ne: cikin dukan waɗanda aka tambaya, kashi 39 matasa ne kuma masu samun labari ta waya.

Idan ka raba da jimillar layin kwance, 300, za ka samu kashi 65: cikin matasa, kashi 65 ta waya suke samun labari.

Idan ka raba da jimillar layin tsaye, 250, za ka samu kashi 78: cikin masu samun labari ta waya, kashi 78 matasa ne.

Biyun ƙarshen ana kiransu kason sharaɗi, domin an gindaya sharaɗi tun farko cewa rukuni kaza kaɗai ake magana a kai. Akwai kuma kason gefe, wanda ake fitarwa daga jimillar kanta ba tare da kula da ɗaya tambayar ba: kashi 30 rediyo, 50 waya, 20 talabijin, sannan kashi 60 matasa, 40 manya.

39 da 65 da 78 duk gaskiya ne, kuma duk daga mutum 195 ɗin nan suka fito. Shi ya sa duk lokacin da aka ce maka "kashi kaza", tambayar farko ita ce: cikin su wa?

To wanne zan yi amfani da shi, na kwance ko na tsaye?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mutum ya zauna a kanta, domin yawancin kurakuran da ke cikin rahotanni daga nan suke.

Fara da tambayar kanka waɗanne rukunoni kake son kwatantawa. Idan so kake ka san ko matasa da manya sun bambanta wajen samun labari, to matasa da manya su ne abin kwatance, kuma kowannensu dole kasonsa ya cika ɗari shi kaɗai:

| Shekaru | Rediyo | Waya | Talabijin | Jimilla |
|---|---|---|---|---|
| Ƙasa da 30 | 20% | 65% | 15% | 100% (mutum 300) |
| 30 zuwa sama | 45% | 27.5% | 27.5% | 100% (mutum 200) |

Lissafin a kwance aka yi shi, karatun kuma a tsaye za a yi: 20 da 45, 65 da 27.5. Idan kuwa tambayarka ita ce su wa ke sauraron rediyo, sai ka raba da 150, ka samu kashi 40 matasa, kashi 60 manya. Tambaya ce daban, amsarta ma daban.

Haɗarin jirgin ruwan Taitanik na watan Afrilun 1912 yana nuna girman wannan bambanci ƙarara. Bisa alƙaluman da aka tattara daga rahoton binciken hukumomin Birtaniya, mutum 2,201 ne a jirgin, 711 suka tsira. Cikin waɗanda suka tsira, maza 367 ne, mata 344. Wanda ya raba da 711 zai ce kusan kashi 52 na waɗanda suka tsira maza ne, kuma bai yi ƙarya ba. Amma maza 1,731 ne a jirgin, mata 470 kacal. Raba kowanne da nasa jimillar: kashi 21 na maza suka tsira, kashi 73 na mata. Mai son sanin ko jinsi yana da alaƙa da tsira, lambobin ƙarshen nan su ne amsarsa. Lambar farko abin da ta fi nunawa shi ne maza sun fi yawa a jirgin tun daga tashinsa.

Hanya mai sauƙi ta tunawa: abin da kake zaton shi ne yake tasiri, ko wanda ya riga ɗayan faruwa, kamar shekaru ko jinsi ko irin maganin da aka sha, shi za ka sa kowane rukuninsa ya cika ɗari.

Kasona ya tashi 99.9 ko 100.1. Na yi kuskure ne?

Galibi a'a, yankan lambobin bayan ɗigo ne. Rukuni uku masu girma ɗaya kowanne 33.3, jimilla 99.9. Rubuta ɗan bayani a ƙasan teburin, kada ka taɓa lambobin don su cika.

Kasona kuma ya tashi 160.

Duba takardar tambayar. Idan an bar mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, jimilla za ta wuce ɗari, domin ana ƙirga mutum ɗaya sau biyu ko uku. Irin wannan ba ya shiga teburin mahaɗa kai tsaye. Abin yi shi ne ka mayar da kowane zaɓi tambaya mai zaman kanta, "yana sauraron rediyo: e ko a'a", ka raba da yawan mutane, ba yawan alamomin da aka yi ba, sannan ka sanar da mai karatu cewa an yarda a zaɓi fiye da ɗaya.

Yaya zan yi da "ban sani ba" da waɗanda suka bar tambaya ba amsa?

Abubuwa biyu ne, kada a haɗa su. "Ban sani ba" amsa ce, wani lokaci ma ita ce mafi muhimmanci a binciken. A ce an tambayi mutum 100 game da wata sabuwar doka: 30 sun goyi baya, 20 sun ƙi, 50 sun ce ba su sani ba. In ka cire hamsin ɗin nan, sai ka wayi gari da "kashi 60 sun goyi baya", alhali rabin mutanen ko labarin dokar ba su da shi. Ni a ganina, ba wa "ban sani ba" layinta a teburi wajibi ne duk inda ake auna ra'ayi.

Waɗanda suka tsallake tambayar kuwa ana iya cire su daga lissafin kaso, da sharaɗin a rubuta yawansu a ƙasan teburin. Idan sun yi yawa, ko kuma rukuni ɗaya ya fi tsallakewa, wannan kansa labari ne da ya kamata ya shiga rahoto. Tambayoyin kuɗin shiga da na rashin lafiya sun fi fuskantar haka.

Ta yaya zan gane cewa akwai alaƙa tsakanin tambayoyin biyu?

Kwatanta kason sharaɗi. Da a ce shekaru ba su da ruwa da hanyar samun labari, da matasa da manya duk za su bi tsarin kason gefe: 30, 50, 20. Matasa 300 za su kasu 90, 150, 60, manya 200 kuma 60, 100, 40. Waɗannan su ne adadin da ake tsammani. Ana samun na kowane gurbi ta hanyar ninka jimillar kwance da jimillar tsaye, a raba da babbar jimilla: 300 sau 250, a raba da 500, ya ba da 150.

Yanzu jera abin da aka samu kusa da abin da ake tsammani. An yi tsammanin matasa 150 a waya, an samu 195. An yi tsammanin manya 60 a rediyo, an samu 90. Tazarar ita ce alamar alaƙa, kuma tana nuna maka a wane gurbi take.

Mene ne gwajin kai-sikwaya, kuma dole ne in yi shi?

Ko da babu wata alaƙa, samfurin da aka ɗebo, wato mutanen da aka zaɓa daga cikin jama'a aka tambaya, ba zai taɓa faɗawa daidai kan adadin tsammani ba, sai ya ɗan kauce. Gwajin da Pearson ya gabatar a 1900 yana auna ko kaucewar ta fi ƙarfin abin da sa'a kaɗai za ta iya jawowa. A kowane gurbi, cire adadin tsammani daga wanda aka samu, ninka sakamakon da kansa, raba da adadin tsammani, sannan ka tara na dukan guraben. Gurbin matasa da waya: 195 cire 150 saura 45, 45 sau 45 ya zama 2,025, a raba da 150, 13.5. Guraben shida na misalinmu sun tashi kusan 68.1.

Ana kwatanta wannan da wata iyaka da ta dogara da girman teburin. Tebur mai layi biyu kwance da uku tsaye iyakarsa 5.99 ce a matakin kashi 5 cikin ɗari (wato idan babu alaƙa, sau 5 kacal cikin ɗari sa'a za ta sa a wuce ta), mai biyu da biyu kuma 3.84. Namu ya wuce iyakar nesa ba kusa ba, don haka da wuya a ce sa'a kaɗai ce ta jawo tazarar.

Idan ka tambayi kowa da kowa a rukunin da kake magana a kai, misali dukan ɗaliban aji guda, kuma a kansu kaɗai za ka yi bayani, kason ya wadatar. Gwajin yana da amfani ne idan samfuri ka ɗiba kana son faɗin wani abu game da jama'ar da suka fi shi yawa. Kuma ba ya faɗin ƙarfin alaƙa. Da mutum dubu ɗari, tazarar maki ɗaya ma za ta haye iyaka, ko da a aikace ba ta canza komai.

Wasu gurabena suna da mutum biyu ko uku kawai. Akwai matsala?

Akwai. Rukuni mai mutum huɗu, idan ɗaya ya canza amsa, kaso ya motsa da maki 25. Rubuta "kashi 75" a kan mutum uku cikin huɗu yana ba mai karatu tabbacin da babu shi. Gara ka rubuta "3 cikin 4". Ka'idar da aka saba bi a gwajin kai-sikwaya ita ce adadin tsammani ya kai 5 a kowane gurbi ko a mafi yawansu. In bai kai ba, ko dai ka haɗe rukunonin da suke maƙwabtaka a ma'ana, kamar "na yarda" da "na yarda sosai", ko ka koma ga gwajin masanin ƙididdiga Ronald Fisher da aka tanada don ƙananan adadi.

Haɗe rukunoni yana buƙatar amana. A yanke shawarar haɗewa bisa ma'ana, kafin a ga wace haɗewar ce za ta ba da sakamakon da ake so.

Akwai kuma batun sirri. Gurbi mai mutum ɗaya yana iya tona asirin wanda ya amsa, musamman a ƙaramar ma'aikata ko makaranta inda kowa ya san kowa.

Daga kashi 20 zuwa 45, ƙarin kashi 25 ke nan?

Tazarar maki 25 ce. Idan ninki ake nufi, 45 ya ninka 20 sau biyu da kwata, wato ƙarin kashi 125 cikin ɗari. Faɗi wanne kake nufi, kuma mafi alheri ka kawo lambobin biyu tare.

Idan tebur ya nuna alaƙa, ɗaya ne ya haddasa ɗayan?

Tebur shi kaɗai ba zai iya tabbatar da haka ba. Sau da yawa akwai abu na uku da ba ya cikin teburin, kuma yana iya juya sakamakon gaba ɗaya.

Shahararren misali shi ne na ɗaukar ɗaliban manyan digiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, a 1973. Maza 8,442 suka nema, aka ɗauki kusan kashi 44; mata 4,321 suka nema, aka ɗauki kusan kashi 35. Tazarar ta isa ta sa kowa ya yi zargin wariya. Peter Bickel da abokan aikinsa biyu suka sake duba alƙaluman sashe-sashe, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 1975. Abin da suka gano shi ne, a yawancin sassa ba a nuna wa mata bambanci wajen ɗauka ba, a wasu ma kasonsu ya fi na maza. A ɗaya daga cikin manyan sassan, maza 825 suka nema aka ɗauki kashi 62, mata 108 aka ɗauki kashi 82. A wani sashen mai wuyar shiga, maza 373 aka ɗauki kashi 6, mata 341 aka ɗauki kashi 7.

To daga ina tazarar ta fito? Mata sun fi neman sassan da ke ɗaukar mutane kaɗan daga cikin masu nema, maza kuma sun yi cincirindo a sassan da ƙofarsu ta fi faɗi. Da aka zube sassan duka a tebur ɗaya, sai wahalar sashe ta fito da kamannin bambancin jinsi. Ana danganta wannan juyin da masanin ƙididdiga Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kai a 1951, ko da yake Udny Yule ya riga shi lura da shi a 1903.

Wannan bai rufe maganar adalci ba. Ya matsar da tambayar ne zuwa wani wuri: me ya sa sassan da mata suka fi nema suke da ƙarancin gurbi, kuma me ya karkata su can tun farko? Babban teburin bai isa ya kai mutum ga waɗannan tambayoyi ba.

A aikace, duk lokacin da ka ga alaƙa, nemi abu na uku da zai iya shafar duka biyun, ka raba teburin bisa shi, ka ga ko alaƙar tana nan a kowane yanki. A misalinmu na labarai, mallakar wayar da ke shiga intanet abu ne da ya cancanci a raba teburin da shi.

Idan na tara amsoshi masu yawa sosai, kasona ya zama abin dogaro?

Sai in hanyar zaɓen mutanen ta yi kyau. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10 game da zaɓen shugaban ƙasa, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta yi hasashen Alf Landon zai ci. Amma abokin takararsa Franklin Roosevelt ne ya lashe jihohi 46 cikin 48. Jerin sunayen da ta yi amfani da su, irin na masu tarho da masu mota, sun karkata ga masu hali, kuma waɗanda suka ga damar mayar da amsa ba su wakilci waɗanda suka yi shiru ba. Tebur yana tsara abin da aka zuba masa ne kurum. Haka ƙuri'ar jin ra'ayi da ake sakawa a Facebook ko WhatsApp: kasonta na waɗanda suka ga dama suka danna ne.

Da me zan gina teburin, kuma wane zane ya dace da shi?

Amsoshi ɗari ko biyu ana iya ƙirga su da takarda da biro, a ja sanda ɗaya a gurbin kowane mutum. Fiye da haka, Excel da Google Sheets suna da hanyar gina tebur daga jerin amsoshi, su kuma fitar da kason kwance ko na tsaye ko na babbar jimilla, duk wanda ka zaɓa. Manhajojin ƙididdiga irin su SPSS da R suna ƙara gwaje-gwajen. Kafin komai, tsabtace rubutun: "Rediyo" da "radiyo" da wanda aka bar tazara a ƙarshensa, kwamfuta rukuni uku za ta ɗauke su.

Zanen da ya fi dacewa shi ne na sanduna, kowane rukunin kwatance da sandarsa mai tsawon kashi ɗari, an yanka ta bisa amsoshi. Zanen da'ira biyu a jere yana wahalar da ido wajen kwatance. Amsoshi masu hawa-hawa, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda sosai", a bar su a jerinsu na asali.

Yaya zan rubuta sakamakon a jumla ba tare da na ruɗar da mai karatu ba?

Fara jumlar da rukunin da aka raba da shi, ka saka yawansa. "Cikin matasa 300 da aka tambaya, kashi 65 sun ce ta waya suka fi samun labari, cikin manya 200 kuwa, kashi 27.5 ne suka faɗi haka." Jumla irin "kashi 78 na matasa masu waya ne" kuskure ce, domin 78 ɗin kason masu waya ne da suke matasa, an juya shi. Bayan ka rubuta kowace jumla mai kaso, koma teburin ka ɗora yatsa kan lambobi biyun da aka raba. A ƙasan teburin kuma rubuta tambayar kamar yadda aka yi ta kalma da kalma, da lokacin da aka yi binciken, da hanyar da aka zaɓi mutanen, da yawan waɗanda ba su amsa ba.